Rahinatu da Masu Furfura

Tun da muka dawo daga Bawku ban samu na zauna na ci goro cikin kwanciyar hankali ba. In na shiga tashar doya, "Sule, yaya Bawku?" In na fito daga masallaci, "Sule, wai da gaske yarinyar ta sa tsoho kuka?" Shekaranjiya har mai koko ta ce ba za ta zuba mini ba sai na ba ta labari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri, don na ji an ce wai da motar soja aka rako mu gida. To ga shi na rubuta yadda ya faru. Babu tsohon da ya yi kuka. Wanda ya yi kukan zan faɗe shi in mun zo wurin.

Rahinatu 'yar yayata Memuna ce, shekarunta sha ɗaya. Wani malamin makaranta ɗan kudu da aka turo mana Salaga, Ticha Kwame, shi ya zo da wasan da ake kira ces. Allonsa kamar na dame da muke bugawa, sai dai 'ya'yan ba iri ɗaya ba ne. Akwai sarki, akwai sarauniya, akwai dawaki da sojoji, kowanne da irin tafiyarsa, kuma wanda aka kulle wa sarki shi aka ci. Kafin zangon karatu ya ƙare Rahinatu ta cinye 'yan ajinsu. Da aka koma ta cinye manyan ɗalibai, sannan ta juya kan Ticha ɗin kansa. Na taɓa shiga gidansu na tarar tana tsince shinkafa, ta ba allon baya, Ticha yana faɗa mata inda ya taka, ita kuma tana faɗa masa inda zai ajiye mata nata. Ba ta ɗago kai daga faifai ba har ta kulle shi. Ranar ya bar mata allon, ya ce ya fi amfani a hannunta.

Mu dattawan gindin bishiyar tashar doya, da muka ga haka, muka ajiye dame muka koyi ces. Amma mu ba ta taɓa cin mu ba. Kullum kunnen doki muke tashi, wani lokaci ma ɗayanmu ya ci ta. Mukan yi dariya mu ce ai Ticha ne bai iya ba, ya zo ya ga 'yan dame. Ni har ina bugun ƙirji da hakan a cikin gari.

Ubanta, Alhaji Mumuni, bai taɓa son abin ba. Mutumin kirki ne, amma magana ta yi masa yawa. Wannan ya ce ya ga 'yarsa zaune cikin maza a tasha, wancan ya ce ai wasan nan ƙanin caca ne. Da Ticha ya zo da batun gasa, cewa za a fara a Yendi, waɗanda suka haye su tafi Bawku, wanda ya zo na ɗaya a can a tura shi Akra, Alhaji ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tafiya ɗaya. In ta zo ta ɗaya, na san baiwa ce daga Allah, ba zan tare ta ba. In ba ta zo ba, allo ya koma wurin mai shi, daga makaranta sai shago." Ticha bai samu izinin barin aji ba, Alhaji ba ya barin shago, sai aka dubi kawu. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba na iya zama wuri ɗaya, don haka kafin a gama magana na riga na ɗauko jaka.

Motar da muka shiga zuwa Bimbila doya ta ɗauko, mu fasinja ƙari ne kawai. Lokacin sabuwar doya ne, ruwa kuma bai ɗauke ba. Meti, wato yaron mota, ya miƙo hannu zai ɗora allon a saman mota, Rahinatu ta rungume shi ta ce a'a. Ya ce, "Masa, yarinya naka ya cika taurin kai paa." Mutanen hanyar nan Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne, kowa "kai" ne, "sosai" kuma ita ce "paa". Mu da kakanninmu suka zo fataucin goro Gwanja muka riƙe tamu, mukan yi musu dariya, su kuma su ce muna magana kamar rediyo.

Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a taɓo. Aka ce maza su sauka su tura. Na tura da zuciya ɗaya, motar ta fita, takalmina na dama bai fita ba. Na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba, direba kuma yana ta hon. Haka na ƙarasa Bimbila, na canja mota, na shiga Yendi da takalmi ɗaya kamar wanda ya tsere daga gobara. Duk tsawon hanyar Rahinatu tana rungume da allonta. Idonta a rufe, leɓenta na motsi. Wata mata ta ce kai, yarinyar nan akwai ibada. Na ƙyale ta da zatonta, don na san ba wuridi take yi ba, wasa take bugawa a ka.

A Yendi mun sauka gidan wani abokin cinikina. Ya dubi ƙafata ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni silifar wanka, wadda suke kira calewote. Aka kawo mana wasawasa da mai da yaji, muka ci har muka yi nak. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gaisuwa. Mu ma a Salaga muna durƙusa wa manya, amma na Yendi daban ne. Yaro zai tsugunna har ƙasa, babba na jero tambaya, shi kuma yana "Naa, naa, naa," ba zai tashi ba sai an gama tambayar gida da gona da gajiyar jiya. Na ga saurayi ya tsayar da babur a tsakiyar hanya ya sauka ya tsugunna wa wani tsoho. Na nuna wa Rahinatu na ce, "Kin ga tarbiyya?" Da na san abin da nake ƙara hura wa wuta da na yi shiru.

Gasar a wani ajin makaranta aka yi. Masu buga ces ba su da yawa a arewa, don haka aka haɗa kowa, yara da samari da tsofaffi. Abin da ya fara ba ni wahala shi ne shirun. Mu a dame ai da baki ake rabin wasa. Ka buga, ka yi kirari, ka zagi gemun abokin wasanka, 'yan kallo su sa baki. Nan kuwa ko tari ka yi sai a juyo a dube ka. Ga wani agogo mai fuska biyu a gefen kowane allo, kowa ya taka sai ya danna. Rahinatu ta cinye wa wani saurayi sarauniya, na manta na ce, "Yauwa! A gaishe ki!" Alƙaliyar wasan, wata ma'aikaciyar asibiti da ake kira Sista Zenabu, ta nuna mini ƙofa da yatsa. Daga nan a waje na yi gasar, ina kai da kawowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai, calewote na ta fat-fat a ƙafata.

Yara ta gama da su kafin su gyara zama. Samari ma haka. Amma sau biyu aka haɗa ta da dattawa, sau biyu aka tashi kunnen doki. Da ƙyar ta samu gurbin ƙarshe na masu tafiya Bawku. Ni ban ga komai a ciki ba, na ce ai manya manya ne. Muna shirin fita Sista Zenabu ta ja ni gefe.

"Kai ne kawu na yarinya nan?"

Na ce ni ne.

"Yarinya nan ya iya paa. Ban taɓa ganin irin shi ba. Amma tsofaffi biyu nan, shi ne ya bar su. Ya kama su sarai, sai ya fara kai doki gaba, ya dawo da shi baya, gaba, baya, har wasa ya mutu. Ka yi mishi magana. A Bawku in ya yi haka, ya tashi a banza."

Ban tayar da zancen ba sai da muka shiga motar Gushegu washegari. Ni ba na iya riƙe magana, da ƙyar na kai lokacin. Na ce, "Rahi, tsofaffin nan na jiya, sun fi ƙarfinki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Kawu."

"To me ya hana ki ci su?"

"Suna da furfura."

"Furfura ce ke buga wasan?"

Ta ce, "Kaka ta ce yaro ba ya kayar da babba a gaban mutane. Ta ce ko ka fi shi gaskiya, ka bar masa hanyar fita. Kai ma shekaranjiya ka nuna mini mai babur."

Uwata ce ta faɗa mata, kuma mu ma da haka aka raine mu. Muka yi tafiya mai ɗan nisa, sai wani tunani ya faɗo mini. Doki gaba, doki baya. Ai da haka wasanmu na gindin bishiya yake ƙarewa kullum. Na ce, "To ni fa?" Ta juya tana kallon gonakin dawa ta taga, ta ce wai Kawu dubi yadda dawar nan ta yi kyau. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina, na kuma ji dariya ta taso mini, na rasa wadda zan fara yi.

Daga Gushegu har Nalerigu wa'azi nake mata. Na ce wasa daban, gaisuwa daban. Na ce ubanki ba kunnen doki ya ce ba, na ɗaya ya ce. Na ce in kika bar wa wani tsoho a Bawku, allon nan da kike rungume da shi ya tafi ke nan. Tana ta "To, Kawu," irin "to" ɗin da yaro ke yi don a ƙyale shi. A Nalerigu muka jira mota ta cika har na san sunan kowace mai talla a tashar. Na sayi tubani, na kasa ci. Na tambayi meti yaushe za mu tashi har ya daina amsa mini.

Gangaren dutsen Nakpanduri ne ya rufe mini baki. Hanyar tana nannaɗewa tana sauka, direba na taka birki yana ƙara, akuyar da aka ɗaure a saman mota tana kuka, mata suna salati. A nan Rahinatu ta fara amai, jikinta ya ɗauki zafi. Kafin mu kai Garu ta yi laushi, kanta a kafaɗata, allon dai yana hannunta.

Kun san halin rikicin da Bawku take ciki, ba sai na faɗa ba. Daga Garu shingayen bincike suka yi yawa. A wasu a leƙa a ce ku wuce, a wasu kowa ya sauka da kayansa ya taka da ƙafa. A wani shinge soja ya buɗe jakar 'ya'yan ces, ya ɗauko doki yana jujjuya shi, ya tambaya da Turanci ko na wane ne. Da aka nuna masa Rahinatu ya yi murmushi ya sara mata. Ni dai ba murmushi a fuskata, rana nake kallo, don akwai dokar hana fita da yamma, kuma ɗan'uwan da na yi niyyar sauka gidansa ya ƙi ɗaga waya. Daga baya na ji ashe ya daɗe da kwashe iyalinsa zuwa Kumasi.

Wani dattijo da ya shiga motar a Garu, dogo siriri, kansa fari fat, ya daɗe yana kallon allon. Da muka sauka a tasha ya ga ina waige-waige, ya matso ya ce, "Ku ne mutane na Salaga? Ticha naku ya kira mu. Ina za ku kwana?" Na fara kame-kame. Ya ce, "Lokaci babu. Ku biyo ni." Sunansa Masta Seidu, tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shi ne ya fara tara yara yana koya musu ces a garin, don a cewarsa yaron da aka hana fita gara a ba shi abin da zai yi da kansa. Muna tafe ana rufe shaguna, kowa na sauri ba mai tsayawa gaisuwa. Bayan na Yendi abin ya yi mini wani iri.

Matarsa, Mma Adisa, ba ta tambaye mu ko su wane ne ba. Ta taɓa goshin Rahinatu, ta karɓe ta daga hannuna kamar jikarta ce ta dawo. Ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta ba ta magani, ta dama mata koko. Aka yanka mana zabo, aka yi tuwon zafi da miyar ayoyo. Albasar Bawku kuwa ba a magana, har a shayi na yi zaton zan gan ta. Da safe zazzaɓin ya sauka, na tarar Mma Adisa ta zaunar da ita tana gyara mata kitso, Masta yana gefe yana ce mata jikata. Ni kuwa maimakon in yi murna sai hankalina ya tashi, don na ji yana faɗa mata cewa shi ma yana cikin gasar, kuma ba a taɓa cin sa a garin ba.

Zan faɗi abin da na yi, don ba abin ɓoyewa ba ne. Da muka keɓe na ba shi labarin sharaɗin Alhaji, na ja maganar, na yi ta kewaye-kewaye ina jiran ya gane. Ya gane sarai. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Malam Sule, ka gaya mini wannan don me?" Na ce don dai ya sani. Ya ce, "To na sani." Ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da shan shayi.

An yi gasar a zauren wata makaranta, an fara da wuri don a gama kafin doka. Har daga tsallaken iyaka an zo, wasu daga Togo, wasu daga Burkina, suna Faransanci da Mosanci, in ciniki ya haɗa mu kuma kowa ya koma Hausa. Ban jira an kore ni ba, na kama taga tun farko. Rahinatu ta fara da kyau. Ta ci wani ɗan Burkina mai gemu, amma gemun baƙi ne. Ta ci wata budurwa, ta ci wani malami. Sai aka haɗa ta da wani tela ɗan Garu mai furfura a gefen kunne, ina kallo ta taga ta sake yin abin nata, aka tashi kunnen doki. Na ciji yatsa. Da ta fito shan ruwa ban iya yi mata faɗa ba, don idonta ya riga ya cika da hawaye. Ta ce, "Kawu, na yi niyya. Hannuna ne ya ƙi."

Masta kuwa duk wanda aka ba shi sai ya cinye. Da aka zo wasan ƙarshe lissafin a fili yake, ko ni na gane shi. Shi da ita za su kara. In an tashi kunnen doki, shi ne na ɗaya. Ita ba abin da zai fisshe ta sai ta ci shi, mutumin da ta kwana a ɗakinsa, kitson matarsa na kanta.

Ban san sau nawa na zagaya makarantar nan ba. In je bakin ƙofa in dawo taga, in ɓare goro in manta na ɓare in ɓare wani. Masta bai sassauta mata ba ko kaɗan, na ga haka a fuskar masu kallo. Sauran wasanni duk suka ƙare, kowa ya taru a kansu. Can na ga Masta ya cire tabarau ya goge, ya daɗe bai taka ba. Wani ɗan Togo da ke kusa da tagar ya juyo ya yi mini raɗa, "Tsoho ya mutu." Na leƙa da kyau. Rahinatu ta ɗaga hannu, ya tsaya a sama, sannan ta ɗauki doki ta kai shi gaba. Masta ya taka. Ta dawo da dokin baya.

Na dafa bango. Na ce shi ke nan, mun sha taɓo da dutse a banza.

Masta ya dube ta ta saman tabarau. Ya taka wani abu daban don kada wasan ya maimaitu. Ta sake kai doki gaba. Da ta ga ya ƙi bin ta, sai ta miƙa masa hannu, kanta a ƙasa, alamar a tashi kunnen doki. Bai karɓi hannun ba. A zauren da ko tari ba a yi, ya buɗe baki da muryar shugaban makaranta.

"Jikata, kai ka ci tuwo na, shi ya sa kana so ka ba ni sadaka?"

Alƙali ya matso zai yi magana, Masta ya ɗaga masa hannu.

"Ni na ga abin da ka gani a allo nan. Kowa a nan ya gani. In na karɓi hannu naka, gobe yara na za su ce Masta ya ci da roƙo. Wannan ba girmamawa ba ne, ƙarya ne. Ka buga. In ka jefar da sarauniya ma ba zan ɗauka ba. Sai mu zauna nan har doka ya kama mu duka."

Kowa ya waiga ya dubi rana, don ta riga ta karkata. Rahinatu ta janye hannunta. Ta juyo ta neme ni a taga, ni kuma da na cika ta da wa'azi tun daga Gushegu na kasa ko gyaɗa mata kai. Ta goge ido da bakin hijabi. Ta ɗauki sarauniya ta dire. Masta ya matsar da sarki. Ta bi shi. Ya sake matsawa, ta sake bin sa, hawaye na ɗiga a kan allo. Bai miƙa wuya ba, ya bar ta ta kai shi har ƙarshe, sai da ta kulle shi a lungu ba inda zai motsa.

Zauren ya ɗauki tafi. Ita kuwa ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa. Ya kama ta ya ɗaga, ya ce, "Tashi. Yanzu ne ka gaishe ni." To masu tambaya, ga mai kukan nan. Ni ne, a bakin taga, da gemuna da calewote, har ɗan Togo yana bubbuga mini baya.

Da yammar nan mun koma gidan da gudu-gudu. Masta ya yi ta zolayar ta, ya sa ta nuna masa inda ya yi kuskure, amma na lura tuwonsa kaɗan ya taɓa. Da na fita tsakar gida alwala na ga Mma Adisa tana sauke wata babbar riga daga igiya, fara sol, an sa mata bula. Ta ga ina kallo ta ce, "Na Akra ne. Tun sati da ya wuce ya ce in wanke. Tun yana saurayi yake so ya buga wasa nan a Akra, bai taɓa samu ba." Ta ninke ta ba tare da wani ɓacin rai ba ta shige ɗaki. Na tsaya da buta a hannu na daɗe. Ban gaya wa Rahinatu ba.

Dawowa ta Bolga muka bi, muka wuce Walewale da Savelugu zuwa Tamale, daga nan Salaga. Hanyar ta fi kyau amma ni ban ji daɗinta ba. Ga kofin gasa a jaka, ga yarinya ta zo ta ɗaya, ni kuma ina ta juya yadda Alhaji zai ɗauki labarin. Na san shi. Mutum ne da ko yaron shago ya ɗaga murya gaban babba sai ya kore shi.

Mun same shi a shago bayan la'asar. Rahinatu ta durƙusa ta ajiye kofin a gabansa. Bai taɓa shi ba. Ya ce ta ba shi labari da bakinta, ta kuwa ba shi duka, ba ta rage komai ba. Da ta zo kan wasan ƙarshe fuskarsa ta canja.

"Kin kwana a ɗakinsa, matarsa ta yi jinyarki, kika kayar da shi a gaban mutane?"

"Na so in bari, Baba. Shi ya hana."

"Shi ya hana?"

Nan na karɓe. Na faɗa masa abin da Masta ya ce kalma da kalma, har da Hausarsa. Na kuma faɗa masa zancen rigar da na gani a igiya. Rahinatu ta ɗago da sauri ta dube ni, don lokacin ta fara ji, sannan ta rufe fuska da tafin hannu. Wani ya zo sayen sukari, Alhaji ya ce masa ya dawo anjima. Ni ina tsaye ina canja ƙafa, raina kamar ya fita.

Can ya ce, "Na yi magana, ba na janyewa. Allo ya zauna." Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya juya shi, ya ajiye a kan kanta inda kowa zai gani. Sannan ya dube ni.

"Sule, mutumin da ya hana 'yata ta yi masa ƙarya, alhali ƙaryar ce za ta amfane shi, ba a yi masa godiya a waya. Gobe ka shiga tasha ka zaɓo doya laribako mafi kyau, ka cika buhu, ka koma Bawku."

Na ce, "Alhaji, yanzu fa na dawo."

"Ai ka fi son hanya da gida. In ka je ka gaya masa, ranar tafiya Akra ni ba zan iya barin shago ba, kai kuma an ce ko a zaure ba a barin ka. In zai yi mini alfarma, shi zai raka ta. Ka ce wa matarsa kada ta mayar da rigar nan ma'ajiya, da ita zai shiga Akra."